Mu Ne Muke Fara Gani

(Jawabin da 'yar'uwarmu mai sayar da kayan miya, ɗaliba a ajin yaƙi da jahilci, ta karanta a taron cikar ƙungiyarmu shekara goma. Mun buga shi yadda ta rubuta shi.)



Ina farawa da godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana da rai da lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, malamanmu, Allah ya gafarta muku. Hajiya Shugaba da sauran shugabanninmu, Malama da ta koya mana riƙe biro, 'yan'uwana mata da kuka taso daga Ikara da Makarfi da Kudan, Musulminmu da Kiristanmu, mazajenmu da kuka bar mu muka fito, da 'ya'yanmu da ke zaune can baya, ina gaishe ku baki ɗaya, sannunku da zuwa.

Ni dai kun san ni, ba 'yar boko ba ce. Sai da na shekara 37 a duniya kafin na iya rubuta sunana. Tattasai da attarugu da kauɗa su ne sana'ata. Wannan takarda da ke hannuna mako uku na yi ina rubuta ta bayan sallar isha'i, 'yata tana duba mini inda harafi ya ɓace. Don haka in kun ji na yi tuntuɓe, ku yi mini haƙuri.

Hajiya Shugaba ta ce in zo in yi magana a kan adashi da yadda jarina ya ƙaru. Na ce mata, Hajiya, jari kam ya ƙaru alhamdu lillahi, amma akwai wata magana da ta shekara takwas tana ci mini rai, ki bar ni in sauke ta a gaban 'yan'uwana. Ta ce bismillah. Maganar yara ce, yaran da ake cuta da yaran da aka yasar, da abin da mu mata 'yan kasuwa za mu iya yi a kai idan muka haɗa hannu da sauran mutanen gari.

Shekara takwas da suka wuce, duk ranar Laraba ina kai kaya kasuwar Makarfi. Akwai wata yarinya mai tallar dafaffiyar gyaɗa da take bi ta layinmu. Ba za ta wuce shekara takwas ba. 'Yar siririya ce, ba ta da surutu, in ta zo sai ta tsaya gefen rumfa ta sha inuwa. Wata rana da yamma ana tashi na gan ta a tsugune tana kuka, tana ta lissafin kuɗi tana sakewa. Na ce, 'yan mata, mene ne? Ta ce kuɗin tallarta bai cika ba, naira hamsin ta ɓata. Na ciro na cika mata. Da ta miƙo hannu za ta karɓa, sai na ga tafin hannunta na hagu da ƙuna, ƙuna mai zagaye kamar an ɗora bayan cokali. Na ce me ya same ki? Ta ce wuta ce. Ta ja mayafi ta rufe.

'Yan'uwa, ni uwa ce, na haifi bakwai. Na san ƙunar da yaro yake samu a wurin wasa, na san wadda aka riƙe hannunsa aka yi masa. Na gane. Amma me na yi? Na ba ta ragowar ɗanwakena, na ce Allah ya sawwaƙe, na ɗaure kayana na hau mota. A cikin motar ina ce wa kaina, ke 'yar Ikara ce, ba ki san gidansu ba, ba ki san iyayenta ba, kar ki jawo wa kanki abin da ba ki iya ɗauka.

Sau uku ina cika mata kuɗi. Na ukun da ƙyar take taka ƙafa, hannun ya kumbura yana wari. Daga nan ban ƙara ganinta ba. Da damina ta tsaya na tambayi mai sayar da daddawa da ke kusa da ni, ina yarinyar nan mai gyaɗa? Ta ce ai ta rasu, ciwon hannun ne ya shiga jikinta. Sai ta ce, wallahi ni ma na ga hannun. Mai manja ta ce ita ma ta gani. Mai gishiri ta ce ita har man shafawa ta taɓa ba ta. Mu shida a layi ɗaya, kowacce ta gani, kowacce ta ji tausayi, kowacce ta ba da abin da ta iya, amma ko sau ɗaya ba mu juyo mun dubi juna mun ce, to yanzu me za mu yi ba. Tausayi bai yi mana ƙaranci ba. Hanya ce ba mu sani ba, kuma kowacce tana ganin ita kaɗai ce.

Ban san sunanta na yanka ba, Mai Gyaɗa muke ce mata. Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce. Mu kuma Allah ya yafe mana.

Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, wata rana Malama ta zo mana da wata takarda ta karanta mana. Ashe a shekarar 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da UNICEF sun yi bincike a faɗin Najeriya a kan cin zarafin yara. Abin da suka gano, cikin yara goma, shida suna haɗuwa da wani nau'i na cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, an taɓa yi musu abin da ya shafi lalata. Kuma cikin ɗari da abin ya same su, waɗanda suka samu wani taimako ba su kai biyar ba. Binciken ya nuna mafi yawan masu cutar ba baƙi ba ne, mutanen da yaron ya sani ne, na gida, na unguwa, na makaranta. Ranar ban iya cin abincin dare ba, don na gane Mai Gyaɗa tana cikin casa'in da biyar ɗin nan da ba wanda ya kai musu ɗauki.

Kuma ai mun ji a rediyo. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da ƙananan yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Wata bai zagayo ba aka sake gano irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da nan Zariya kusa da mu. A watan Agusta na 2020 kuma, a Birnin Kebbi, aka ceto wani yaro maraya da aka ɗaure a turken dabbobi har wajen shekara biyu, a cikin gidan ubansa. Ku tambayi kanku, gidajen nan a daji suke? A cikin unguwa suke. Akwai maƙwabta, akwai masu talla da suke shiga, akwai masu kai ruwa. Ƙofar ba ta buɗe ba sai ranar da wani ya daure ya kai magana inda ya kamata.

Doka kuwa akwai ta. Tun 2003 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara. Jiharmu ta Kaduna ta yi tata a 2018, dokar kula da walwala da kare yara, wadda ta ba hukuma ikon shiga tsakani idan yaro yana cikin hatsari, ko da a hannun danginsa yake. A wannan shekarar dai aka yi dokar hana cin zarafin mutane. A watan Satumba na 2020 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a dokar da kowa ya sani da dokar dandaƙa, mai hukunci mai tsanani ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Gwamnati ta kuma buɗe cibiyoyin Salama don kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, biyu a cikin Kaduna, ɗaya a Kafanchan, ɗaya a Asibitin Gambo Sawaba da ke Zariya, wadda ita ce ta fi kusa da mu.

To amma doka a takarda take. Doka ba ta zuwa kasuwar Makarfi ranar Laraba. Ba ta shiga gidan suna a Hunƙuyi, ba ta zuwa ɗiban ruwa a Paki, ba ta san wace yarinya ce ta daina dariya a Gubuci ba. Alƙali ba ya ganin tafin hannun yaro sai an kai masa. Mu ne muke fara gani. Mu ne muke karɓar kuɗi daga hannun yaran nan, mu ne muke shiga gidajen da namiji ba ya shiga, mu ne muke wankan jego, mu ne muke kitso. Abin da ya rage shi ne mu san wanda za mu miƙa wa bayan mun gani.

Bari in gaya muku yadda muka yi karo na biyu, don Allah ya sake jarraba ni. Shekara uku ke nan. Ba zan faɗi garin ba, ba zan faɗi suna ba, don yarinyar tana raye kuma tana da mutunci. 'Yar tallar awara ce, shekararta tara. Na lura gashinta ya yi ja ya kakkarye, ƙafafunta sun ɗan kumbura, in ta samu wuri sai barci. Rannan ta sunkuya za ta ɗauki bokitinta, rigarta ta ɗaga, sai na ga bayanta layi-layi, sabo a kan tsoho, irin na wayar wuta. Gabana ya faɗi. Na ce a raina, wallahi ba za a yi biyu ba.

Abu na farko, ban yi ni kaɗai ba. Na yafito biyu daga cikin 'yan ƙungiyar nan, suna zaune a nan suna jina. Muka ja ta bayan rumfa inda ba idon mutane, muka ba ta abinci, sai da ta ƙoshi sannan muka tambaye ta a hankali. Ba mu tsorata ta ba, ba mu ce wa ya yi miki, faɗi, faɗi ba. Da kanta ta buɗe baki. Uwarta ta rasu, ubanta yana ci-rani a kudu, an ba matar ƙanensa riƙonta. In awara ta yi kwantai, ba abincin dare, ga duka.

Abu na biyu, ba mu nufi gidan ba. Da mun je, da faɗa za a yi, a kore mu, daren nan kuma yarinyar ce za ta biya. Bayan magariba muka shiga wurin matar mai unguwa muka zayyana mata, ita ta shigar da mu wurin maigidanta. Ya saurare mu, Allah ya saka masa da alheri, ya ce shi ma an taɓa ɗan tsegunta masa amma ba wanda ya yarda ya tsaya a kan maganarsa. Muka ce mu mun tsaya.

Washegari da izinin mai unguwa muka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar da ta duba ta 'yar wata mambarmu ce, a makarantar koyon aikin lafiya ta Makarfi ta yi karatu. Ta wanke mata ciwon, ta auna ta, ta ce akwai tamowa, sannan ta rubuta duk abin da ta gani a takarda da kwanan wata. Wannan takarda ita ta hana a ce sharri muka yi.

Sai Malama ta zaunar da mu muka rubuta wasiƙa zuwa ofishin jin daɗin jama'a, wanda muka fi sani da walfiya, da ke sakatariyar ƙaramar hukuma. Da yawanmu muna tsammanin ofishin nan na rabon kaya ne da sasanta ma'aurata kawai, ashe maganar yaro mai neman kariya tana cikin aikinsu. A ƙasan wasiƙar nan ban dangwala yatsa ba, sunana na rubuta da hannuna. Ranar na san amfanin karatun da na yi.

Bayan kwana tara aka zauna a zauren dagaci. Ga liman, ga jami'ar walfiya, ga hedimasta, ga mai unguwa, ga ƙanen uban da matarsa, ga uban da aka kira ya taso daga kudu, ga mu a gefe. Liman ya yi nasiha a kan haƙƙin maraya har uban ya fashe da kuka. Jami'a ta yi bayanin abin da doka ta ce, ta nuna musu cewa maganar tana iya kai wa kotu. Aka rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu: yarinya za ta koma hannun kakarta ta wajen uwa, za a sa ta a firamare, za ta riƙa zuwa asibiti har ta warke, uban zai riƙa aiko da kuɗin abinci duk wata, mai unguwa da jami'a za su riƙa leƙawa. Mu kuma ƙungiya muka ba kakar jarin ƙuli-ƙuli daga asusun taimako, don kar talauci ya sake tura yarinyar titi.

Kar ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Matar nan ta same ni a tsakiyar kasuwa ta wanke ni tas, ta kira ni mai sa ido, munafuka, mai raba zumunci. Danginsu da suke sayen kaya a wurina suka ɗauke ƙafa, har yau wasu ba su dawo ba. Maigidana ya yi kwana biyu ba ya cin tuwona, yana cewa ke ce gwamnati? Amma ranar da za a mayar da yarinyar asibiti aka rasa abin hawa, shi ya tayar da mashin ɗinsa ya kai ta. Malam, ga ka nan zaune, na gode, Allah ya bar mu tare.

Kuma gaskiya ɗaya ce, daga baya na gane ita ma matar a cikin wuta take. 'Ya'ya shida gare ta, mijin ba ya kawo komai, kuɗin awarar nan shi ne cefanen gidan. Wannan bai wanke ta ba, don yunwa ba ta ce ka ɗauki wayar wuta ka zane maraya ba. Amma da mun ɗauke yarinya mun tafi, da 'ya'yanta ne za su gaji bokitin da bulalar. Har yau ba ta gaishe ni, ban kuma damu ba. Wata daga cikinmu ta lallaɓa ta ta shiga adashi, yanzu 'ya'yanta biyu da safe suna makaranta. Ita kuwa yarinyar tana aji huɗu, ta fi ni iya karatu. Sai dai har yanzu in mutum ya ɗaga hannu kusa da ita, ko ƙuda zai kora, sai ta kare fuska. Ciwon baya ya warke, na zuciya yana ɗaukar lokaci.

Ku duba mutanen da suka taru a kan yarinya ɗaya. Mu muna da ido amma ba mu da iko. Mai unguwa yana da iko amma ba ya shiga cikin gida. Ma'aikaciyar asibiti tana da ilimin ciwo amma sai an kai mata. Liman yana da bakin da ake ji. Jami'a tana da doka a bayanta. Hedimasta yana da kujerar da yarinya za ta zauna. Ƙungiya tana da ɗan kuɗin da zai tsare bayan. A cire ɗaya a ciki, aikin ya rushe. Shi ya sa iyayenmu suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu zan faɗi wata magana mai nauyi, iyayena ku gafarce ni. Akwai abin da ake sasantawa a zaure, akwai wanda ba a sasantawa. Sakaci, horon da ya wuce kima, hana makaranta, talla har dare, waɗannan ana iya farawa da nasiha da yarjejeniya. Amma fyaɗe ba na zaure ba ne. Mun sha gani, a lalata yarinya 'yar shekara shida, sai manya su taru a ce a rufa asiri, a ba uban ɗan wani abu na magani, a ce a bar wa Allah. Asirin wa aka rufa? Na wanda ya yi. Shi yana yawo da babbar riga, gobe ya sami 'yar wani. Rufin asiri na yarinya ne: kar a yaɗa sunanta, kar a nuna ta da baki, kar a hana ta miji saboda abin da ba ita ta jawo ba. Shi kuwa mai laifi hukuma ce tasa.

In Allah ya kawo wannan ƙaddara, Allah ya tsare, ga abin da ma'aikatan lafiya suka koya mana. A kai yaro asibiti nan take, kar a wuce awa 72, wato kwana uku, don a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki yake aiki. Kar a yi mata wanka tukuna, kar a wanke kayan da ke jikinta, a ninke su a tafi da su, shaida ce. Kar a tsaya gasa ta da ruwan zafi da bagaruwa a ce an yi magani. A sanar da 'yan sanda. A cibiyar Salama ta Zariya ana duba yaro, a ba shi magani, a kwantar masa da hankali, kuma ba a karɓar kuɗi. Ku riƙe kuma, yara maza ma ana yi musu, su sun fi ɓoyewa.

Sai almajirai. A 2020 lokacin korona gwamnonin Arewa suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu, aka kawo namu na Kaduna daga Kano da wasu wurare, aka sada su da iyayensu. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma ta musamman ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Amma mu da muke zaune a kasuwa mun san ƙananan nan suna nan da robobinsu. Ni ba na zagin karatun allo, a cikinsa ubana ya tashi. Tambayata gare mu mata ce. Yaron da yake miki wanke-wanke da ɗiban ruwa, kin san sunansa, ko Almajiri kawai kike kira? Kin san garinsu? Kin san malaminsa? In ya kwana uku bai zo ba, kina aikawa a duba? Da can uwar ɗaki uwa ce, tana duba ƙazuwar jikinsa, tana yi masa ɗinkin salla. Mu dawo da wannan. Yaron da wata babba ta san sunansa, ba kowa ke yi masa yadda ya ga dama ba.

To Hajiya Shugaba, ga roƙona ga ƙungiya, in taro ya amince.

Na ɗaya, a kowace shiyya, Ikara da Makarfi da Kudan, a zaɓi mata biyu masu riƙe sirri, aƙalla ɗaya ta iya rubutu. Duk mambar da ta ga abin da bai kwanta mata ba, su za ta fara samu. Su riƙe littafi su rubuta rana da wuri da abin da ido ya gani, ban da ji-ta-ji-ta. Littafin nan a kulle yake zama.

Na biyu, kowace mamba ta riƙa ƙara N200 a wata a kan zubinta, a ware shi daban don kuɗin mota zuwa Zariya, da magani, da kayan makaranta. Sau da yawa abin da ke kashe magana ba taurin kai ba ne, kuɗin mota ne.

Na uku, shugabanninmu su je gaisuwa wurin dagatai da limamai da fastoci, da shugabannin makarantu da na asibiti, da ofishin 'yan sanda da na walfiya, tun babu abin da ya faru. A san fuskarmu, mu karɓi lambar waya, a riƙa zama ko sau ɗaya a wata uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kuma nemi 'yan'uwanmu na FOMWAN, da ƙungiyoyin mata na coci, da lauyoyi mata na FIDA, su sun riga mu a wannan hanya.

Na huɗu, kowace makarantar firamare tana da kwamitin iyaye da mutanen gari da ke kula da ita, kuma akwai kujerar mata a ciki. Mu daina barinta ba kowa. Malamin aji shi ne yake fara sanin yaron da ya daina zuwa.

Na biyar, kafin taron baɗi, duk ɗan da ke gidan mamba, na cikinta da na riƙo, a yi masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya. In magana ta kai kotu, abin da ake fara tambaya shi ne shekarun yaro.

Sai ƙa'ida uku ga duk wadda za ta shiga wannan aiki. Kar ki je ke kaɗai. Kar ki ɗauki hoton yaro ki sa a WhatsApp ko Facebook, ciwon zai warke amma hoton yana nan har ranar aurenta. Kar kuma ki mayar da wannan aiki makamin kishi ko na gaba. Wadda ta ƙulla wa kishiya ko maƙwabciya sharri da sunan ceton yaro, ta rufe mana ƙofar da muka sha wuya kafin ta buɗe.

Na ƙarshe ya fi duka wuya: mu fara da ɗakunanmu. Nawa ne a cikinmu suke da 'yar riƙo? Tare take cin abinci da 'ya'yanmu, ko sai sun tashi? Wa ke fara tashi da asuba, wa ke kwanciya a ƙarshe? Wa ke da takalmin makaranta, wa ke da farantin talla? Ni da kaina da na koma gida bayan maganar Mai Gyaɗa, sai na ga 'yar ƙanwata da nake riƙo ita kaɗai ce ba ta zuwa boko a gidana. Ban taɓa dukanta ba, amma na tauye ta. Na sa ta a makaranta tana da shekara goma, a aji ɗaya da ƙananan ƙannenta. Bana ta shiga babbar sakandare.

Iyayenmu maza, ba mu ce za mu shiga gabanku ba. Muna roƙon in matarka ta zo maka da irin wannan magana, kar ka ce ba ruwanki. Ka tashi ka raka ta wurin mai unguwa. Maganar da mace za ta yi sau goma, in namiji ya tsaya a bayanta sau ɗaya ta isa.

Ku kuma 'ya'yanmu da ke can baya, ku saurare ni. In wani ya taɓa ku inda bai kamata ba, ko ya ba ku kuɗi ya ce kar ku faɗa, ko ya ce zai kashe ku in kun faɗa, ko wane ne shi, ku gaya wa Inna. In ba ku iya gaya mata ba, ku gaya wa malamarku, ko ku zo rumfar kowace mace da kuka gani a wannan taro. Ba za mu dake ku ba, ba za mu ce ƙarya kuke yi ba. Laifin ba naku ba ne.

Shekara goma muna tara kuɗi tare, mun sayi injin markaɗe, mun aurar da 'ya'ya, mun yi wa juna jaje da barka. Mun iya amana, don wadda ta riƙe kuɗin mata ɗari ba ta ci ba, za ta iya riƙe sirrin yaro ɗaya. Bakinmu ya saba cewa ɗa na kowa ne. Ina roƙon shekara goma mai zuwa mu nuna haka a aikace, yadda in wata Mai Gyaɗa ta miƙo hannu a layinmu, wadda ta gani za ta san wadda za ta juya ta kira.

Allah ya raya mana zuri'a, ya shirya su, ya tsare su daga sharrin mutum da aljan. Allah ya jiƙan iyayenmu da mambobinmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure ku yafe mini.